Me Ya Sa A Nan? Tambayar Da Tarihin Ƙananan Garuruwanmu Ya Tsallake

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, Jigawa tana da 27, kuma a ƙarƙashin kowace ɗaya akwai garuruwa da ƙauyuka masu ɗimbin yawa, kowanne da dagacinsa ko bulamansa, da kasuwarsa, da maƙabartar da ta girmi duk wani ginin gwamnati da ke wurin. Amma duk wanda ya nemi abin da aka rubuta a kan waɗannan garuruwa, abin da yakan samu bai wuce iri biyu ba. Ko dai jerin sunayen waɗanda suka riƙe sarautar garin, wane ya gaji wane ya yi shekara kaza, ko kuma labarin wani maharbi ko malami da ya taso daga gabas, ya ya da zango a gindin wata kuka, daga nan gari ya kafu. Ban raina ko ɗaya daga cikinsu ba, domin su ne abin da tsofaffi suka adana mana. Abin da nake ja a kansa shi ne an tsallake babbar tambaya. Me ya sa maharbin ya tsaya a nan bai ƙara gaba ba? Me ya ciyar da garin, me ya ɗaukaka shi, kuma idan ya ja baya, mene ne aka janye masa? A ganina tarihin ƙaramin gari tarihin ƙasarsa ne da ruwansa da hanyarsa tun kafin ya zama tarihin masu rawaninsa, kuma rashin rubuta shi ta wannan fuska yana jawo mana asarar da ake iya gani da ido.

Wanda ya taso daga Riruwai a can ƙarshen kudancin Kano ya nufi Birniwa a arewa maso gabashin Jigawa zai ratsa ƙasa iri biyu da ba su yi kama da juna ba. Kudu da yamma ƙasar dutse ce, daga duwatsun Rano da na Birnin Kudu da na Dutse har zuwa tsaunukan Kazaure, inda falalen dutse yake kusa da doron ƙasa, haƙar rijiya take da wuya, ruwan sama kuma yake gangarawa da sauri ya yi rafi. Arewa maso gabas kuwa shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi ce mai jigayi, inda ruwa yake nutsewa ya kwanta a ƙarƙashi, kogi kuma ya rage gudu ya bazu cikin fadamu. Damina ma ba ɗaya ba ce, domin a kudancin Kano ruwan shekara yakan kai milimita 1000 ko ya ɗara, sa'an nan ya yi ta raguwa yayin da ake yin arewa har ya sauko wajen 600 ko ƙasa da haka a bakin iyakar Nijar. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa kafin a kai Wudil, daga nan ruwan ya bi ta ƙasar Ringim da ta Haɗeja, ya watsu a dausayin Haɗeja da Nguru, abin da ya saura ya bi Komadugu ya nufi Tafkin Chadi.

Wannan shimfiɗa ita ce ta tsara inda mutane suka zauna. A ƙasar dutse, tsofaffin garuruwa a gindin tsauni suke ko a cikin lungunsa, inda ake samun mafaka daga mahara da ruwan da yake taruwa a ƙasan dutsen. Shi ya sa tsohon garin Dutse, wato Garu, yake maƙale tsakanin duwatsu, shi ya sa kuma aka sami zanen dabbobi na mutanen da a kogunan dutsen Birnin Kudu. A kwarin Haɗeja kuwa kowane tsohon gari a kan ɗan tudu yake, fadama na kewaye da shi, mutanensa suna cin kifi da shinkafa da amfanin noman rani, kuma sun san iyakar inda ruwa yake kaiwa a shekarar da ya cika. A ƙasar Gumel, inda babu babban kogi, rijiya ce uwar gari, gero da riɗi da kiwo kuma su ne abin dogaro. Ko labarin kafuwar Kano kansa, idan aka duba shi da kyau, labarin ƙasa ne, domin abin da ake faɗa shi ne maƙera ne daga Gaya suka zo Dala neman tama. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka kuma babu garin da ya zauna a inda yake banza.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda manyan al'amuran tarihin ƙasar nan suka faru a garuruwan da yau ake wucewa ba a ko rage gudun mota. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. Biram, wadda ita ma tana cikin bakwai ɗin, ita ce Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja. Sarkin Kano na ƙarshe kafin jihadi, Alwali, a Burumburum ya gamu da ajalinsa a wajen 1807. Daga Tsakuwa ta ƙasar Dawakin Kudu Malam Hamza ya tashi da mutanensa a shekarun 1840 bayan saɓani da hukuma kan haraji, ya shige duwatsun Ningi, kuma daular da ta tsiro daga wannan hijira ta shafe shekaru masu yawa tana kai hari kudanci da gabashin Kano. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893 aka naɗa Tukur, Takai 'ya'yan tsohon Sarki Abdullahi Maje Karofi suka koma suka yi sansani a ƙarƙashin Yusufu, kuma daga can suka taso suka ci birnin Kano, sarauta ta faɗa hannun Alu, ɗan'uwan Yusufu. Rundunar Turawa da ta taso daga Zariya a 1903, sai da ta fasa Bebeji kafin ta isa Kano. Duk da haka, yaron da ya tashi a Takai ko Tsakuwa zai iya gama sakandare yana iya lissafo ƙofofin birnin Kano bai san abin da ya faru a bayan gidansu ba.

Hare-haren ƙarni na 19 su ne suka bar mana ganuwoyin da yanzu ake kwasar ƙasarsu ana buga bulo. Ningawa daga kudu, Sarkin Haɗeja Buhari daga gabas, Damagaram daga arewa, duk sun sa mutanen karkara sun bar zaman gida ɗaya ɗaya a gonaki sun cunkushe a bayan garu ko kafi, sarakuna kuma suka kafa garuruwan tsaro a bakin iyaka irin su Ɓaɓura. Wanda ya ga Kafin Hausa da Kafin Maiyaki da Garun Malam a taswira yana kallon shaidar wannan zamani ne. Da zaman lafiya ya samu bayan 1903, da yawa suka sake watsuwa zuwa gonakinsu, suka bar kufai a baya. Waɗannan kufai ba a ƙidaya su ba, ba a sa su a taswira ba, galibi ma an nome su.

Fatauci shi ma ya gina nasa garuruwan. Bebeji zango ce a kan hanyar ayarin da ke bi ta Zazzau zuwa Gwanja neman goro, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a cikin Agalawa a 1877, don haka gidan kasuwancin da ya fi kowane suna a Arewa daga ƙaramin gari ya fito. Kura ta yi suna da marina da mabuga har baƙin turkuɗinta ya zama abin da Buzaye suke naɗawa a can cikin Sahara. Irin wannan arziki a karkara aka samar da shi, birni kasuwarsa ce.

Daga zuwan Turawa sai abin da ke ɗaga gari ko ya kwantar da shi ya koma hannun mai alƙalami, kuma nan ne nake so a tsaya a duba sosai. A da, yawancin hakiman Kano a birni suke zaune, garuruwan da ke hannun kowannensu a warwatse suke, jakadu ne ke kai da kawowa. A wajajen 1908, zamanin Razdan Cargill wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, aka harhaɗa garuruwa gunduma gunduma, aka umarci kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa. Duk garin da hakimi ya sauka ya sami alƙali da ɗakin shan magani da makarantar elementare, maƙwabcinsa kuwa, ko da ya girme shi ya kuma fi shi jama'a, sai ya koma mai kawo haraji. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, da ƙarin da sojoji suka yi ta yi har zuwa 1996, mafi yawan hedikwatocin a waɗannan mazaunan hakimai suka faɗa, saboda haka shawarar da wani Bature ya yanke fiye da shekara 100 da suka wuce ita ce har yau take nuna inda babban asibiti zai zauna.

Sai jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya ɓarke a shekarar da ta biyo baya, kuma a 1930 aka kai reshe har Nguru ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Dogon bai shiga birnin Haɗeja ba, ya bi ta arewa da shi, sai Malam Madori ta zama tashar ƙasar baki ɗaya, inda ake auna gyada a loda ta, kamfanoni suka kafa kantuna, baƙi suka zo daga ko'ina suka zauna. Sakamakon haka shi ne a yau Garun Gabas, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, mazaɓa ce a cikin ƙaramar hukumar da hedikwatarta take garin da tashar jirgi ta raya. Ba na faɗin wannan don in rage wa Malam Madori daraja, na kawo shi ne don a ga ƙarfin layi guda da injiniya ya ja a takarda. Da fari na farkon shekarun 1970 da cutar gyada ta 1975 suka karya wannan noma, jirgin kuma ya yi ta ja da baya har ya zama sai jefi-jefi, garuruwan tasha suka shiga irin halin da su ma suka taɓa jefa tsofaffin zangunan fatake.

Waɗanda suka gaje su su ne garuruwan kwalta. Kwanar Ɗangora, Kwanar Huguma, Kwanar Dumawa, Kwanar Gafan, duk wurare ne da mota ta tsaya sai mai shayi ya kafa tebur, mai faci ya biyo shi, kafin a ankara an yi masallacin Juma'a. Sau da yawa ainihin garin da kwanar ta ci sunansa yana can ciki, samarinsa sun baro shi sun dawo bakin titi. Kasuwannin da suka yi ƙarfi a yau, Wudil ran Juma'a, Ɗambatta da Gujungu ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, kowace tana da dalilinta a ƙasa: mahayin kogi, ko mahaɗar hanyoyi, ko bakin iyakar da dabbobin Nijar suke shigowa.

Babu abin da ya sauya fuskar karkarar nan a zamaninmu kamar madatsun ruwa. An gama Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama ta Chalawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. A kusa da madatsun, alherin a bayyane yake, domin Kura da Bunkure da Garun Malam sun koma ƙasar shinkafa da alkama da tumatir, har Kura da aka sani da baba yanzu da injinan casar shinkafa aka fi saninta. A can ƙasan kogin kuwa labarin ya sha bamban. Kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani ya koma mai gudu duk shekara, wannan ya ba ciyawar kachala damar kafuwa ta toshe hanyoyin ruwa a kwarin Haɗeja, yashi ya taru, ruwa ya riƙa fasa sababbin hanyoyi, wasu fadamun suka nutse wasu suka bushe. Wanda zai rubuta tarihin Auyo ko Guri na shekara 50 ɗin nan bai ambaci Tiga ba, bai rubuta komai ba, ko da ya kawo sunan kowane hakimi da ranar naɗinsa.

A nan ne asarar da na ambata take fitowa fili. Ambaliyar 2022 ta yi mummunar ɓarna a garuruwan bakin kogi daga Ringim har zuwa ƙasar Haɗeja, kuma dalilanta suna da yawa: ruwan sama mai yawa, kogin da ya cushe, da jingar da ba ta da ƙarfi. Amma akwai dalili guda da ya shafi mantuwa. Garuruwa sun cika sun tumbatsa, tudun da kakanni suka zaɓa ya yi kaɗan, sai aka gangara fadama aka yanka filotai, har da makarantu da ɗakunan shan magani na gwamnati, a wuraren da kowane dattijo a garin ya san ruwa yana kwana. Kududdufan da aka haƙa aka gina gari da ƙasarsu, waɗanda su ne suke shanye ruwan unguwa, an cike su da shara an sayar. Haka zancen burtali yake. Hanyoyin shanu da mashaya da makiyaya sanannu ne a da, dagaci da arɗo duk sun san iyakarsu, amma da yake a ka aka riƙe su, da masu sanin suka ƙaura sai gona ta ci burtali taƙi bayan taƙi, ga shi kusan kowace kaka sai an ji rikici a wajajen Guri da Kiri Kasamma. Jami'in da aka turo daga Kano ko Dutse ya tsara aiki a garin da bai san tarihin ƙasarsa ba, tamkar tela ne da ya yanka yadi bai ga mai rigar ba.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce tonon tarihin ƙananan garuruwa tonon rigima ne. Mun ga yadda aka yi ta jifan juna da tarihi lokacin da aka ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye a 2019, da lokacin da aka rushe dokar a 2024, kowane ɓangare da malaman tarihinsa. A matakin ƙauye ma abin ya fi zafi, domin akwai gidaje biyu da ke jayayya kan dagatanci, akwai garin da ya faro a matsayin rinjin wani basarake jikokinsa ba sa son a tuna, akwai wanda Maguzawa suka kafa aka mai da labarin ya zama na wani waliyyi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai idan aka lura, rigimar kullum a kan tarihin rawani da asali take, wato irin wanda muke rubutawa yanzu. Ban taɓa jin an yi faɗa a kan shekarar da rijiyar gari ta ƙafe, ko inda ruwa ya tsaya a wata babbar ambaliya, ko ranar da kasuwa ta tashi daga cikin gari ta koma bakin titi ba. Batun asali kuwa, abin da ya dace shi ne a rubuta abin da kowane gida ya faɗa da sunan cewa shi ya faɗa, ba tare da marubuci ya mai da kansa alƙali ba.

Kayan aikin ma ba nema za a yi daga nesa ba. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin kimanta haraji da littattafan gundumomi da jami'an Turawa suka rubuta gari gari, da yawan mutane da rijiyoyi da sana'o'i da kasuwanni. Don haraji aka rubuta su, kuma mutane sukan ɓoye wa mai ƙidaya abin da suka mallaka, saboda haka sai an karanta su da lura, amma duk da haka taska ce. A Jami'ar Bayero ɗalibai sun daɗe suna rubuta kundin kammala digiri a kan garuruwansu, kundayen suna jibge a kan kantoci babu mai buɗawa, ga kuma jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa da Wudil, a tsakiyar karkarar da ake magana. Sa'an nan ga waɗanda suka yi wayo kafin a datse Tiga, suka ga dalar gyada, suka hau jirgin Nguru yana kan ganiyarsa, waɗanda mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura sittin.

Abin da nake ganin ya kamata shi ne kowace ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin ɗan littafi da Hausa a kan garuruwanta, malaman makarantun yankin da ɗaliban jami'a 'yan asalin wurin su yi aikin tare da dagatai da arɗo da sarkin noma da sarkin ruwa, kada kuma a manta da tsofaffin mata, domin su suka fi kowa sanin tarihin rijiya da na shekarun yunwa. A sa taswirar da ta nuna tsohuwar ganuwa da kufai da kududdufai da burtali da iyakar da ambaliya ta taɓa kaiwa, kuma sashen filaye na ƙaramar hukuma ya zama ba ya yanka fili sai ya duba ta. Tunda an dawo da darasin tarihi a makarantun firamare bayan shekarun da ya yi a ajiye, wannan littafi shi ya fi cancanta yaro ya fara da shi kafin a kai shi Daular Mali. Kuɗin aikin bai kai na kwalbati biyu ba.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura, da reshe zuwa Dutse. Inda aka ajiye tasha gari zai tashi, filaye za su yi tsada, kasuwa za ta ƙaura, wani tsohon gari da ke 'yan kilomitoci a gefe kuma zai fara rasa samarinsa, kamar yadda ya faru a layin Nguru bayan 1930. Shugabannin ƙananan hukumomi da hakiman da layin ya ratsa ƙasarsu ya kamata tun yanzu su san takamaiman inda tashoshin za su zauna, da hanyar da za ta haɗa su da tsofaffin garuruwa, da burtalan da dogon zai yanke da inda shanu za su riƙa tsallakawa, su kuma nemi a rubuta musu amsar kafin a gama shimfiɗa ƙarfen.